Babur mai taya huɗu na yara: ƙarko kafin gudu

Mafi yawan ƙananan baburan nan masu taya huɗu daga China suke zuwa, kuma injinsu mai cc 110 kwaikwayon injin Honda Cub ne, irin kwantaccen injin da ke jikin roba-roba. Saboda haka fulogi, fistan da ringi ba su da wuyar samu, bakaniken unguwa ma ya san cikinsa. Injin yana da juriya. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne harhaɗa shi da aka yi cikin gaggawa, da kuma ƙura.

Kafin yaro ya hau, a zubar da baƙin man da ya zo da shi, domin na ajiya ne kawai. A zuba na babur, 10W-40 ko 20W-50 a lokacin zafi, kusan lita 0.8, a duba ma'auni. A nemi mai alamar JASO MA, saboda kulocin a cikin man yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Bayan awa biyar na farko a sake juyewa, don fitar da garin ƙarfen sabon inji.

Sai notuna. Injin mai silinda ɗaya yana da jijjiga, a hankali yake kwance komai. A bi notunan tayoyi, na mazaunin inji, na sitiyari da na birki ɗaya bayan ɗaya, a ɗiga musu gam ɗin riƙe noti na Loctite, shuɗi mai lamba 243. Kada a sa ja, shi sai da wuta yake kwancewa. Duk notin da ke da ramin fil, a tabbata fil ɗin yana ciki an tanƙwara shi, musamman na gatarin baya.

Idan babur yana gardamar tashi da safe, yawanci kafireta ake zargi, alhali sau da yawa bawul ne ya matse. A saita tazararsa milimita 0.05 inji yana sanyi, fistan yana can sama. Fulogi a sa NGK C7HSA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Matatar iska kuwa ita ce ran injin a ƙasarmu. Soson da ya bushe ba ya tare ƙurar hunturu, ƙurar ta wuce ta cinye ringi, babur ya fara hayaƙi. A wanke soson da ruwan sabulu, ya bushe sarai, a shafe shi da mai a matse. A lokacin hazo, bayan kowane hawa mai tsawo. Tiyon fetur na asali ma saurin tsagewa yake, a canza shi a sa ƙaramar matata a tsakani. Sarƙa a bar mata wasan kusan santimita 2. Tayoyin kuwa iska kaɗan suke so, abin da aka rubuta a littafin babur, ba irin na mota ba, kuma hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba zai riƙa ja gefe.

Maganar ƙarin ƙarfi, hanya mafi arha ita ce ƙaramin farantin nan mai haƙora da ke jan sarƙa. Idan mai haƙora 14 ne aka mayar 13, ƙarfin ja zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, gudu ya ragu da kusan kashi 7. A yashi da hawa, wannan ne ake buƙata. Wanda ya sauya kafireta daga mai milimita 19 zuwa 22, ko ya buɗe salansa, dole ya ƙara girman jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta. A duba launin bakin fulogi: ruwan ƙasa daidai ne, fari yana nufin fetur ya yi kaɗan, zafi zai iya ƙona bawul.

Akwatin wuta na CDI da ake tallatawa, mai cire iyakar gudun inji, ban ba da shawararsa ba sam. Gatarin baya ƙarfe ɗaya ne, tayoyin biyu tare suke juyawa, don haka a kwana da gudu babur ɗaga ƙafa yake ya kife kan yaro. A Amurka, ajin baburan nan da aka ware wa 'yan shekara 10 zuwa sama ana ƙayyade gudunsa a mil 15 a awa, wato kilomita 24, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ma cewa take a jira shekara 16. Sukurun da ke taƙaita totur yana jikin gidan totur a hannun dama: a ɗaure shi ciki, a kulle notinsa. A gwada igiyar kashe inji kafin kowane hawa. Hular kwano dole ce, goyo babu, titi babu.