Tankokin da ke share wa sauran hanya

A nan Damagaram mu ƴan kaɗan ne muke wasan yaƙi a kan tebur: a shimfiɗa filin daga, a auna tafiyar kowace tanka da rula, ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Abokaina duk tankar da ke da dogon bakin bindiga suke so. Ni kuwa hankalina ya tafi kan motocin injiniyoyin soja, domin na sha ganin rami guda ko filin nakiya ya tsayar da runduna sukutum.

Irin haka ta faru da gaske a Dieppe, wani gari a gaɓar tekun Faransa, a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda tankoki suka maƙale a bakin teku. Shi ya sa Birtaniya ta ɗora wa Manjo Janar Percy Hobart da runduna ta 79 aikin shirya tankoki na musamman, waɗanda suka sauka gaɓar Normandi a Faransa ran 6 ga Yuni 1944.

Ƙananan tankokin wasan nake haɗawa da ma'aunin 1/72, wato tankar Birtaniya samfurin Churchill ba ta wuce santimita 10 da ɗan abu ba. Gangar jikin ta roba ce, wani ɗan uwa ya aiko mini daga waje. Sauran kayan duk daga gida da Kasuwar Dole suka fito, kuma duk wanda ya yi motar kara yana yaro hannunsa ya riga ya san rabin aikin.

Wadda na fi ji da ita Churchill AVRE ce mai ɗauke da ƙaton damin itace, wanda take jefawa cikin rami don a taka a wuce. Da tsintsiyar laushi na yi damin. Sai ka zaɓi sirara, ka yanke su tsawo ɗaya da reza, ka ɗaure da zare a wuri uku, sannan ka ɗiga gam a tsakiya kawai. In gam ya kai baki, tsinkayen sai su manne su yi sumul, alhali damin gaske bakinsa a barbaje yake. Ruwan shayi mai kauri ya ba shi launin busasshen itace fiye da kowane fenti.

Sherman Crab kuwa, mai dukan ƙasa da sarƙoƙi don nakiyoyi su tashi a gabanta, siririyar sarƙar wuya ta ƴan koli ta ishe ta.

Yanayinmu ma yana da sharuɗɗansa. Lokacin hunturu ƙura na bin ɗanyen fenti, don haka da asuba nake shafawa in kife kwano a kai. Da bazara ba a barin roba kusa da taga, lanƙwashewa take. Rairayi kuma sai an tankaɗe shi da rariya, in ba haka ba kowace ƙwaya dutse ce a gaban sojan da bai kai santimita 3 ba.

Yanzu da an fara wasa, mai damin nan abokan karawa ke fara nema da harbi, don haka sai na haɗa ta da tankoki biyu suna yi mata rakiya har bakin ramin.