Gidan hutu ga malaman da ke koyarwa a ƙasar waje

Malaman da ke koyarwa a Saudiyya ko Ƙatar sukan samu dogon hutu daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Mai 'ya'ya kuwa, sauka gidan dangi wata biyu cur nauyi ne ga kowa. Shi ya sa nake ganin gara a tanadi gida a Kano ko Kaduna, ko da ɗaki biyu ne.

Sai dai gidan da ya kwana wata goma a kulle, kuma aka dawo masa tsakiyar damina, yana da rigimarsa. Gara na cin ƙofofi da silin. Kwano na yoyo ba mai gani. Ruwan da ke tsayawa a wuyan masai yakan bushe, wari da kyankyasai su cika gida. Batirin sola na gubar dalma, in aka bar shi watanni babu caji, ba ya komawa daidai. Maganin kusan duka ɗaya ne: amintaccen mutum ya riƙa shiga duk wata, ya buɗe tagogi, ya kora ruwa, ya duba rufi. A biya shi, kada a jingina da zumunci. Mako biyu kafin isowa a wanke tanki, a yi feshi.

Abin da aka fi sakaci da shi sauro ne. Yaran da suka tashi a waje ba su da garkuwar maleriya. A ga likita kafin tafiya, a ɗaura gidan sauro tun daren farko. Mazauna Saudiyya kuma su tabbata iƙama, wato takardar izinin zama, da bizar fita da dawowa ta kowane yaro ba za su ƙare ana gida ba.