Kafin ka zuba kuɗinka a gilashin f/0.95

Ɗan ƙanwata da ke koyon ɗaukar hoto a nan Birnin Kebbi ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi abin da zan yi oda." Gilashin kyamara ne, 50mm f/0.95 (lambar f na nuna faɗin ƙofar haske, in ta yi ƙasa ƙofar ta fi buɗewa), irin wanda ake saitawa da hannu, wai zai ɗaura shi a kan wata Bessa R2, kyamarar fim irin ta renjfainda, da ya saya ta gwanjo. Na tambaye shi ko ya san iyakar abin da ma'aunin kyamarar tasa zai iya aunawa. Ya ce bai sani ba, shi dai ya ga yadda bayan hoto ke narkewa a YouTube. Ni a zamanina mujallu ne suka yi mini wannan huɗubar, kuma na biya kuɗinta har da riba.

Kyamarar renjfainda ba ta gani ta cikin gilashinta. Taga biyu gare ta a goshi, wadda kake sa ido da wata ƙarama a gefe. Ƙaramar ce ke kawo ɗan tabon nan mai haske a tsakiya, inda abu ke bayyana biyu, kana murɗa gilashi har su hau juna. A gindin gilashin akwai zoben ƙarfe da ke tura wata 'yar taya a cikin bakin kyamara, tayar ce ke motsa tabon. Ke nan awo take yi, kuma ingancin awon ya dogara ne da tazarar tagogin biyu a ninka da girman da tagar leƙe ke nuna abu. Leica M3 ta 1954 tana da wajen milimita 62, M6 mai taga 0.72 wajen 50, Bessa R2 wajen 25, Leica CL ba ta kai 19 ba. Yanzu ga inda matsalar take: gilashin 50mm a f/1.4, mutum na tsaye mita ɗaya daga gare ka, abin da zai fito tas bai wuce santimita 3 ba, gaba da baya a haɗe. A f/0.95 ya dawo kusan 2. Daga ƙwayar ido zuwa kunne ya fi haka. Ka yi numfashi ko shi ya ɗan sunkuya, shi ke nan, ka ɗauki hoton gashin gira.

Duk wannan lissafin ban yi shi ba lokacin da na sayi nawa gilashin mai faɗin baki, 50mm f/1.1, na ɗora a kan kyamara mai gajeren awo. Lambar kawai na saya. Hotunan suka riƙa fitowa da hula tas, fuska dishi-dishi. Na zargi mai wanke fim, na zargi idona har na yi tabarau, ban taɓa zargin haɗin da na yi ba. Ko da yake, a yi mini adalci, ba don burga kaɗai na saya ba. Fim mai ISO 400 ne a hannuna, wuta ba ta zama, rabin aikin da ake kira na kuma bayan magariba ne, a zaure ko tsakar gida, da fitila ɗaya. Wanda bai taɓa tsayawa a duhu da 1/15 yana riƙe numfashi ba, ba zai gane abin da ke kai mutum ga babban gilashi ba. Amma gaskiyar ita ce tsakanin f/1.4 da f/1.1 ko mataki ɗaya na haske, wato ninki biyu, bai cika ba, na kuwa biya shi da nauyi, da kuma kusurwar ƙasa ta dama ta tagar leƙe da gangar gilashin ta toshe. Kana tsara hoto, wani yanki nasa sai dai ka yi hasashe. Noctilux 50mm f/0.95 ta Leica giram 700 ce, bakinta milimita 60. Nokton 40mm f/1.4 ta Voigtländer giram 175, bakinta 43. Duk abin da ya sa ake son renjfainda, wato ƙanƙanta da rashin jan ido a kasuwa, yana cikin ta biyun.

Wautar da ta fi ci mini rai ita ce ban taɓa tunanin rana ba. Mu da muke ƙasar da rana ke dukan ƙeya! Da tsakar rana a nan, fim mai ISO 100 yana son f/16 a 1/125. Daga f/16 zuwa f/1.4 mataki bakwai ne, wato sai kyamara ta yi gudun kusan 1/16000. Leica ta fim iyakarta 1/1000, Bessa 1/2000. Ashe daga hantsi har la'asar a f/5.6 da f/8 zan yini, inda gilashin f/2 mai araha ke yin aiki iri ɗaya, wani lokacin ma ya fi. Maganin shi ne baƙar filta: ND8 tana rage mataki uku, ta kai ka f/2 a 1/1000. Sai dai filta mai baki 60 ko fiye ba kuɗinta ɗaya da mai 39 ko 43 ba, kuma da yamma ta yi za ka manta tana nan, tun da ba ta cikin gilashin kake leƙe ba. Haka ma murfi. Babu mai renjfainda da bai ɗauki hoton cikin murfinsa ba, wanda ya ce bai taɓa ba a bar shi da Allah.

Hasken ranar nan yana da wata ɓarnar. Leica ta fim da Zorki da FED, labulen da ke tare wa fim haske na ƙyalle ne, babu madubi a gabansa. Ka rataya kyamara a kafaɗa ba murfi, ƙofar haske a buɗe, gilashi ya fuskanci rana na ɗan lokaci, sai ya tara hasken a kan ƙyallen ya huda shi. Daga nan kowane hoto da farin ɗigo a wuri guda. Canon P da Canon 7 da Bessa labulen ƙarfe ne, sun fi haƙuri. Ni na huda nawa, kuma ba zan ce ba a faɗa mini ba.

Akwai kuma abin da ba laifin hannu ba ne, halin gilashin ne, amma rashin saninsa laifina ne. Wasu gilasan masu saurin shan haske suna sauya wurin saiti idan ka rage ƙofa. Dalili shi ne hasken da ya bi ta gefen gilashi da wanda ya bi ta tsakiya ba a wuri ɗaya suke haɗuwa ba. A buɗe, na gefe ne ke da rinjaye. Ka tsuke zuwa f/2.8 ko f/4, ka yanke su, sai saitin ya zame baya kaɗan, alhali tabon tsakiya na nan yana ce maka daidai ne. Zeiss C Sonnar 50mm f/1.5 ta shahara da wannan, haka Nokton Classic 35mm f/1.4 ta farko, shi ya sa aka sake fasalinta a 2019. Daga f/5.6 zuwa sama zurfin saiti ya rufe kuskuren. Wanda ya san gilashinsa yana gyarawa da jiki: idan saiti na faɗawa bayan mutum, ka ɗan ja da baya bayan ka saita, idan gaba yake faɗawa ka ɗan matsa. Ni da ban sani ba sai na ɗauki sukuddireba na shiga taɓa kusar 'yar tayar kyamara, na gyara wa gilashi ɗaya, na ɓata wa sauran duka.

Tsofaffin gilasan Tarayyar Sobiyet, Jupiter-8 50mm f/2 da Jupiter-3 50mm f/1.5, kwafin Sonnar ne, ƙanana, masu kyawun fitar da fuska, kuma su ne talaka ke fara saya. Gindinsu mai murɗawa ne na milimita 39 kamar tsohuwar Leica, shi ya sa mutum ke zaton ɗaya ne. An gina su a kan ma'aunin kyamarar Contax, inda gilashin 50mm a gaskiya wajen 52.4mm ne, a na Leica kuwa 51.6mm. A nesa ba za ka ga komai ba, a mita ɗaya ko biyu saiti zai faɗa baya. Ana gyarawa da siririn zobe a cikin gangar, aikin mai gyara ne da ya san abin. A kan Zorki ko FED kuwa lafiya lau suke. In za ka ɗora mai murɗawa a kan bakin kyamara irin na Leica M, adaftar kaurin milimita ɗaya ce cif, kuma iri uku ce gwargwadon layukan iyakar hoto da take tayarwa a taga: 28/90, 35/135, 50/75. Mai araha da aka yi wa yankan ganganci tana iya ɗara kaurin da ɗan abin da ido ba ya gani, gilashi ya kasa kai wa nesa.

Batun adana kaya kuwa, nan ne ba ni da ta cewa. Da hunturu ƙura ke shiga zaren da gilashi ke murɗawa a kai, ta haɗu da giris, ka ji yana ƙasar-ƙasar. Na ɗiga masa man keken ɗinki. Ya yi laushi na ɗan lokaci, sannan man ya gangara kan ganyayyakin ƙofar haske, zafin bazara ya dafa shi ya zama hazo a jikin gilashin ciki. A watan Afrilu nan ana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota. Da damina kuma, musamman wajen Yawuri da bakin ruwa, hunhuna ce ke kama gilashin da aka bari cikin jakar fata. Ga gogewa da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, tsofaffin gilasai kuma fatarsu ba ta da tauri. Ga rataya kyamara a kan babur a hanya mai gargada, jijjiga ta sa hoto biyun tabon su daina haɗuwa sama da ƙasa. Duk na yi. Uzurina ɗaya, babu mai gyaran irin wannan kaya kusa da mu, dole mutum ya zama likitan kansa. Amma likitan kirki ba ya sa man keke.

Na zauna da niyyar jera wa yaran yanzu shawara goma, sai na ga ba za su karanta ba, ku da ba ku iya kallon bidiyon minti uku sai kun tsallake. To ga abin da ya rage.

Kada ka sayi abin da ya fi f/2 a gilashinka na farko. 35mm f/2 ko f/2.5, ko 50mm f/2, mai ɗan maɓallin yatsa a ƙasa, har hannunka ya haddace inda mita biyu take ba tare da ka duba ba. Koyi rubutun da ke jikin gangar: 35mm a f/8, ka aje shi a mita 3, komai daga wajen mita 2 zuwa 7 zai fito. Da wannan ake aiki a cikin cunkoso. A bikin kamun kifi na Argungu, da an buga bindiga dubban mutane sun ruga Matan Fada da gora da homa, wa zai tsaya maka ka haɗa hoto biyu a tabo? Wanda ke fama da f/0.95 a wurin zai dawo da hoton ƙura. In kuma daga kan gaɓa kake son kamo fuskar mai babban kifi a tsakiyar ruwa, ba renjfainda ce kyamararka ba, layukanta a 135mm suka tsaya, ko 90mm ma da ƙyar ake saitawa a buɗe.

Na ce kada ka wuce f/2, amma in aikinka na dare ne, sayi f/1.4, ka rabu da ni. Almajirai a bakin wutar kara suna karatu, mai tsire da fitilarsa, ango a zaure: fim mai ISO 400, f/1.4, 1/30, kafaɗa a jingine da bango, akan samu. A f/2 ka koma 1/15, motsin kai kaɗai ya ɓata shi. Sai dai ƙarama za ka nema, 35mm ko 40mm, domin 35mm a f/1.4 tana ba ka wajen santimita 7 a mita ɗaya, ninki biyu na 50mm, gajeren awo ma zai iya da ita. Ka sani 40mm layukan 50 take tayarwa a yawancin Leica M, hotonka zai fi abin da ka gani faɗi. Wasu na goge ɗan haƙorin gindin gilashin da zarto don ya tayar da na 35. Kar ka yi, ba ya komawa, kuma ranar sayarwa za a rage maka kuɗi.

Masu Sony da Nikon Z da Fujifilm da ke ɗora waɗannan gilasan da adafta, ku rabin maganar nan ba ta shafe ku ba, ta cikin gilashin kuke gani, ku saita a ƙofar da za ku ɗauka da ita, zamewar saiti ta kau. Naku ciwon daban ne: gilasan 35mm zuwa ƙasa suna zama dab da sansa, haske na faɗa wa gefuna a karkace, kusurwoyi su yi dishi, wani lokacin da ɗan launin shunayya. 50mm ba ta cika yin haka ba. Kuma ku daina ce mini hoto ya yi kyau don bayansa ya narke. Kasuwar da ka je ɗauka, ka narkar da ita, me ya rage?

Kowane gilashi ya iso, gwada shi kafin kwanakin mayarwa su ƙare. Murɗa shi har ƙarshen nesa ka nuna wata da dare, ko ƙarfen sabis mai nisa, hoto biyun su hau juna cif. Sannan kafa kyamara a kan ƙafa, shimfiɗa tef ɗin tela a karkace a mita ɗaya, saita a kan lamba guda, ɗauki hoto a buɗe, sai f/2, f/2.8, f/4, ba tare da ka sake taɓa saiti ba. Rubuta inda kowanne ya faɗa. Wasu gilasan China na zuwa da 'yar sukuddireba da takardar gwaji don a daidaita zoben gindinsu, a nan ake gyara, ba a jikin kyamara ba. Na gwanjo kuwa, buɗe ƙofar duka ka haska tocilar waya ta baya kana kallo ta gefe: ɗigon ƙura ba komai, hazo fari da zaren hunhuna da maiƙo a kan ganyayyaki su ne abin gudu. In daga nesa kake saye, ka ce a turo maka hoton wannan haskawar, mai kayan da ya fara kame-kame ka nemi wani. A gida, robar abinci mai murfi da 'yan ƙullin silika sun isa ma'aji, robar hura iska kafin ƙyalle, filta mara launi a baki tun daga Nuwamba har ƙura ta kwanta.