Abin da aikin tiyata ya koya min kan allurar baya ga tsofaffi masu hawan jini

In aka kawo dattijo mai hawan jini aikin gwaiwa ko karayar ƙugu, ƴan uwa sai su ce ai da sauƙi tunda allurar baya ce, ba barci za a sa shi ba. Wallahi minti 15 ɗin farko bayan allurar nan su suka fi sa ni tsayuwa cak a gaban na'urar awon jini. Maganin yana kashe jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini, sai su saki, jini ya taru a ƙafafu, wanda ke komawa zuciya ya ragu, awo ya faɗi. Matashi jikinsa na saurin gyara wannan, amma tsoho hanyoyin jininsa sun yi tauri, zuciyar ma ba ta saurin amsawa.

Babban abin da na riƙe shi ne sai na san awon da mutum ya saba yawo da shi. Baban da ya shekara da shekaru a kan 160/90, in ya sauko 100/60 kar wani ya ce min lafiya lau, ƙwaƙwalwarsa da ƙodarsa sun saba da matsin da ya fi haka. Shi ya sa muke ƙoƙari kar ya sauka fiye da kashi 20 cikin 100 na awonsa na asali, kuma ana aunawa duk minti 2 zuwa 3 a farko.

Sai maganar magungunansa na hawan jini, nan ake yawan rikicewa. Amlodipine da atenolol ya sha abinsa da safen aikin. Lisinopril ko losartan kuwa galibi akan dakatar kwana 1 kafin aiki, don suna sa faɗuwar ta yi taurin kai. Abin da ke ci min rai shi ne a hana tsoho ko ruwa tun sha biyun dare, sannan layi bai zo kansa ba sai bayan azahar, ya shigo a bushe, alhali ana iya barinsa ya sha ruwa zalla har zuwa awa 2 kafin aiki. Kuma ba a gyara wannan da ɗura masa ƙarin ruwa leda bayan leda, ruwan na iya cika masa huhu.

Bupivacaine, wato maganin allurar bayan, shi ma ragewa muke yi, kamar miligiram 7.5 zuwa 10 in aikin ya ba da dama. Ephedrine mai ɗaga awo da atropine mai ƙara bugun zuciya kuma a zuƙe su a sirinji tun kafin a taɓa bayansa. Ina yawan jan su da hira, "Baba, ya kake ji?", don da ya fara hamma ko ya ce zuciyarsa na tashi, alamar awo ya fara faɗuwa ke nan, ba na jiran na'ura ta gama aunawa, sirinjin na hannuna.