Fim ɗin hawan Sallah da ya fito fayau

Bayan ƙaramar Sallah na kai fim ɗin Ilford HP5, na baƙi da fari na gargajiya, wani ɗakin wankin hoto a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Da tsohuwar kyamarar mahaifina na ɗauki hawan Lamiɗo, hotuna 36. Da yaron shagon ya miƙo mini fim ɗin, sai na ɗaga shi ga hasken taga, na ga babu doki, babu mahayi, ya fito fayau tun daga farko har ƙarshe. Ya ce laifin kyamarata ne.

Wani dattijon mai hoto a unguwarmu ne ya warware mini zancen. Ya sa tabarau, ya duba gefen fim ɗin, ya ce: "Ɗana, ina lambobin? Da kyamara ce ta ƙi, da sunan kamfani da lambobin gefe sun fito. Wannan a injin kala aka zuba shi."

Hoton baƙi da fari na gargajiya ƙwayoyin azurfa ne zalla. Shi kuwa wankin kala, wato C-41 da Kodak ya fito da shi a 1972, rini ne ke tsayawa a matsayin hoto, don haka bayan ruwan farko ya fito da siffa ta azurfa tare da rini, akwai ruwa na biyu da ke mayar da azurfar yadda za ta narke, sannan na uku ya kwashe ta gaba ɗaya. Tunda HP5 ba shi da sinadarin da ke haifar da rini, da azurfar ta tafi, hawan Sallah ya bi ta.

Akwai fim ɗin baƙi da fari da aka yi musamman domin wannan wanki, kamar Ilford XP2 Super, wanda hotonsa rini ne. Kodak ya daina yin nasa, BW400CN, a 2014. A ganina XP2 ya fi dacewa da mu, domin C-41 na son ruwa mai zafin digiri 38, alhali wankin gargajiya digiri 20 yake so, kuma duk wanda ya taɓa ruwan famfon Garwa a watan Afrilu ya san sai an nemo ƙanƙara.

Yanzu kafin in miƙa kowane fim, sai na nuna wa yaron shago abin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa.