Bakin faif ne ke cin waya

Darasin da ya fi tsada a aikin wayarin shi ne na bakin faif. Waya ba ta cika samun rauni a tsakiya ba, sai a inda ta fito za ta shiga akwati ko dibi, wato akwatin rarraba wuta. An yanke faif ɗin ƙarfe da zarto, gefen ciki ya yi kaifi kamar aska, oga yana tsaye yana cewa a yi sauri masu filasta na jira. Ba a goge ba, ba a sa bush ba, wato zoben da ke rufe kaifin bakin faif, aka ja waya mai milimita 2.5. Kaifin ya ɗan fere robar kaɗan, ido ba ya gani. An ba da wuta, komai lafiya. Sai bayan watanni, waya ta yi zafi ta huce sau ba adadi, damina ta kawo danshi, jan ƙarfen ya taɓa jikin faif. Idan atin, wato hanyar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, na da kyau, bireka ta yi ta faɗuwa. Idan babu, akwatin ya ɗauki wutar lantarki, mai gida ya sha shokin. Wanda ya hana sayen bush ɗin kuma ba shi ake kira ba, yaron da ya ja wayar ake zagi.

Gyaran ba wuya. Bayan yanka, a bi cikin bakin da magagari mai zagaye har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. A faif mai milimita 20 ko 25, a ɗaura kofla, wato mahaɗin faif, daga waje, a shigo da bush na tagulla ta cikin akwati, a matse da sifana, domin ta wannan haɗin atin ke bi. Faif ɗin roba ma yana son adafta da bush ɗinsa. Ramin nokawut, wato wanda ake ɓallewa a jikin akwati, da kebul zai ratsa kai tsaye, a sa masa zoben roba. Dokar lantarki ta Amurka ta wajabta baki mai rufin da lantarki ba ya bi ga wayar da ta kai lamba 4, wato kusan murabba'in milimita 21, saboda nauyinta kaɗai yana danna ta kan ƙarfe. Bush kafin jan waya ake sa shi. Wanda aka tsaga aka cusa daga baya rufa ido ne.

Layi da nutural su bi rami ɗaya a akwatin ƙarfe, in ba haka ba ƙarfen ya ɗumama. Kafin a rufe, a gwada da mega, na'urar auna lafiyar rufin waya, a bolt 500; abin da ya gaza megohm 1, a zare wayar a duba daidai inda ta kwanta a baki.