Yadda Na Yi da Garin Maganin Cikina Ya Yi Wuyar Samu

Ni tela ne a Kano, zaman keke nake yi tun safe har bayan la'asar, kuma na daɗe ina fama da taurin bayan gida. Da abin ya kai ga ganin jini, na je asibiti. Likita ya duba ya ce basir ne da 'yar tsagewa a bakin dubura, kuma yunƙurin da nake yi kullum ne ya haifar da su. Ya rubuta min wani gari mai zuwa a sacet, giram 3.5 a kowace, in zuba a kofin ruwan sanyi in dama in shanye nan take, safe da yamma bayan cin abinci. Cikin 'yan kwanaki na samu sauƙin da na manta akwai irinsa. Wanda bai taɓa jin tsoron shiga banɗaki ba zai yi wuya ya gane girman wannan ni'ima.

Garin ɓawon ƙwayar wani tsiro ne da ake kira ispagula ko siliyum. Mafi yawansa a Indiya ake nomawa, a jihohin Rajasthan da Gujarat, daga can yake zagawa duniya. Wato da dala yake shigo mana. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wasu manyan kamfanonin magunguna na ƙetare suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar. A wannan tsakanin ne kuma aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari aka mayar da su Dangwauro. Mu da ke ƙarshen layi abin da muka gani kawai shi ne kanta babu kaya. Ka je wannan kemis a ce ya ƙare, ka je wancan a ce sai wani satin, inda ka dace kuma kuɗin ya fi ƙarfin aljihun mai ɗinki.

A nan ne shawarwari suka yi min yawa. Abokan sana'a, Allah ya saka musu da alheri don da kyakkyawar niyya suke yi, kowa da nasa: wannan ya ce filasko, wancan ya ce jiƙon da ake tallarsa da lasifika a bakin kasuwa, wani ya ce ai ƙwayar wankin ciki ɗaya ta wadatar. Ban sha ko ɗaya ba, na koma wurin likitan da takardata a hannu. Bayanin da ya yi min a ranar shi ne ya riƙe ni har yau.

Ya ce: "Malam, maganinka ba ya wanke ciki. Ruwa yake riƙewa." Ya sa aka kawo kofi, ya zuba ragowar sacet ɗin da na zo da ita, ya ce mu bar shi muna hira. Kafin mu gama magana ruwan ya kama jikinsa ya yi kauri da santsi kamar kokon da ya huce, cokali na tsayawa a ciki. Ya ce haka yake yi a hanji: yana shan ruwa ya kumbura, bayan gida ya yi laushi da auki, hanji ya tura shi ba tare da an yi nishi ba. Filasko da danginsa kuwa tsokanar hanji suke yi ya murɗa ya fitar da abin da ke ciki da ƙarfi. Suna da ranarsu, likitoci ma na bayar da irinsu na ɗan lokaci, amma ga mai tsagewa gudawa da murɗar ciki ƙarin ciwo ne. Jiƙon kwalba da ba a san abin da ke cikinsa ba, babu lambar NAFDAC, ya ce in yi nesa da shi.

Ya rubuta min laktulos, wani ruwa mai kauri da zaƙi wanda ke jawo ruwa zuwa cikin hanji, in riƙa sha kafin a samu mafita. Ya yi aiki, sai dai yakan ɗauki kamar kwana biyu kafin ya fara, kuma ya cika min ciki da iska. Sannan ya rubuta sunan ainihin sinadarin a takarda, ya ce in daina tambaya da sunan kamfani. Wannan ya buɗe ƙofa. Wata mai harhaɗa magunguna da na nuna wa ta ce, "Baba, ka gwada kantunan da ke sayar da kayan abincin Indiyawa, ka ce isabgol." Can na same shi a kwali, fari sol, mara nauyi, babu zaƙi babu ƙamshin lemo, kuma da sauƙin kuɗi. Na koma mata da shi ta duba kwanan lalacewarsa, ta auna min, ta nuna min cewa kusan ƙaramin cokali biyu ne ke daidai da sacet ɗaya. Ta ja min kunne a kan abu uku da nake so duk mai shan wannan gari ya ji: kada a sha shi da ruwan da bai kai cikin kofi ba, don yana iya toshe maƙogwaro ko hanji, kada a sha shi dab da kwanciya barci, kuma a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da sauran magunguna, don yana iya rage shigarsu jiki. Mai ciwon sukari da mai wahalar haɗiya, ta ce, sai sun tambayi likita tukuna.

Shi ma wannan kwalin ba kullum ake samunsa ba. Don haka babban gyaran a tukunya aka yi shi, kuma mai ɗakina ce ta ɗauki nauyinsa. Tunda na gane cewa abin da nake nema shi ne abu mai riƙe ruwa ya yi santsi, sai na ga ashe yana gabana tun ina yaro: yauƙi. Miyar kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, lalo. Wannan yauƙin da wasu samari ke yatsina fuska a kansa dangin abin da nake saya da tsada ne. Ban ce kwanon miya ya kai awon magani ba, ba a ƙayyade shi da giram, amma a jikina na ji bambanci. Har ma likitan ya gaya min akwai wani nau'in maganin da ake yi da ƙaron bishiyoyi dangin kukukin da ke dazukanmu. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, a ce muna da irin wannan arziki amma muna jiran jirgi daga wata nahiya.

Muka rage farin burodi da taliya da tuwon shinkafa, muka koma tuwon dawa da na gero, mai ɗakina kuma ta ce wa mai surfe kada ya cire dusar ƙarƙaf. Ɗanwake ya dawo gidan da rana, tunda wake ne da kuka a haɗe. Sai kwaɗon zogale, gwanda, goba, da lemon da ake ci da tsakinsa maimakon a tsotse a yar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana, wato ɓangaren abincin tsirrai da ciki ba ya narkarwa, kuma mai rayuwa a kan shayi da burodi ba ya kusantar hakan. A hankali muka riƙa ƙarawa, domin wake da yawa lokaci guda kumburin ciki yake kawowa. Dusar alkama zalla kuwa likita ya hana ni. Ya ce ba ta narkewa ta yi santsi, kuma tana tayar wa masu hanji mai saurin fushi da ciwo.

Azumin 2024 ya faɗo a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, kuma shi ne ya fi gwada ni. Harza ba tare da ruwa ba cushewa take ƙarawa. Na tsara shan garin bayan buɗa-baki idan na ci abinci, tun kafin tarawihi, sannan in yi ta kurɓar ruwa har sahur. Na sahur ɗin kuma sai ranar da na san ba zan koma barci ba. A shago na saba wa kaina tashi daga kan keke in taka zuwa masallaci mai ɗan nisa, kuma idan buƙata ta zo ba na cewa bari in ƙarasa wuyan riga.

Yanzu sacet ɗin na bayyana jefi-jefi. Da yardar likita na koma sau ɗaya a rana, idan na samu kuma nakan ajiye na wata guda a gwangwani mai murfi inda danshi ba ya kaiwa. Ya ce duk ranar da na ga jini a cakuɗe da bayan gida, ko rama ba dalili, ko ciki ya kumbura da amai iska ma ta ƙi fita, in ajiye gari da miya in taho asibiti a ranar, domin akwai cututtukan hanji da ke fakewa a bayan sunan basir.